Waiwaye: Wa Ya Halarci Kwas, Malami ko Wayarsa?

A zamanin da muka yi karatun NCE ta hannun Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wato NTI, babu wanda ya taɓa tsayawa tambayar abin da ake nufi da halarta. An kafa cibiyar a 1976, shekarar da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare ga kowa, wato UPE, lokacin da azuzuwa suka cika maƙil da yara, ƙwararrun malamai kuma suka yi ƙaranci. Daga 1990 ta fara bai wa malamin da ke bakin aiki damar yin NCE ba tare da ya bar ajinsa ba. Karatu daga nesa ake ce masa, amma in ƙarshen mako ya yi sai ka je cibiyar karatu da ƙafarka. Mu na Zandam da sauran ƙauyukan Gwaram da sanyin safiya muke fita, wani a keke, wani a bayan motar kasuwa, littattafai a ƙulle cikin leda saboda ruwa. Ka shiga aji, ka sa hannu a rajista, malami ya dubi idonka ya jefa maka tambaya. In ba ka yi karatu ba, nan take kowa ya gane. In ba ka zo ba, gurbinka a benci ya faɗa.

Ba ina cewa duk wanda ya zauna a benci ya amfana ba ne. Ko a bitar da ake kira a hedikwatar ƙaramar hukuma akwai masu zuwa su sa hannu, su jira kuɗin mota, su kama gabansu. Amma aƙalla an san su, kuma suna jin nauyin idon jama'a.

A watan Maris na 2020 aka rufe makarantun ƙasar nan saboda korona, daga nan kuma bita ta fara ƙaura daga zauren taro zuwa cikin waya. Aka koma Zoom da WhatsApp. Annoba ta wuce, tsarin bai wuce ba, don masu shiryawa sun ga sauƙi: babu hayar ɗakin taro, babu abinci, babu kuɗin mota. A watan Maris na 2022 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya tare da UNICEF da Microsoft suka ƙaddamar da manhajar Nigeria Learning Passport, wadda ke ɗauke da darussan yara da na horar da malamai. Yau da wuya zangon karatu ya ƙare ba a turo wa hedimasta takarda ana neman sunayen malaman da za su yi wani kwas ta intanet ba.

Kwas ɗin da zan ba da labarinsa wata ƙungiya ce ta shirya shi, kan koyar da karatu a azuzuwan farko na firamare. Ina hedimasta a lokacin, kuma na shiga tare da wasu daga cikin malamaina. Bayan an gama rajista aka turo sharuɗɗa da Turanci. Kowane mako akwai darasi kai tsaye, dole sunanka ya fito daga farko har ƙarshe. Kafin Laraba ka rubuta naka ra'ayin kan darasin a cikin manhajar kwas. Kafin Lahadi ka karanta na abokan karatu, ka mayar wa mutum biyu martani. Wanda ya gaza cika kashi uku cikin huɗu na wannan, ba shi da satifiket, ko da ya ci jarrabawar ƙarshe.

Da damina aka fara. Wanda ya san ƙasarmu ya san abin da wannan ke nufi. Albashin malamin firamare ba ya riƙe gida, gona ce ke cike giɓin, kuma ciyawa ba ta jiran a tashi daga darasi. Ana tashi daga makaranta, mutum ya yi azahar, ya saɓa fartanya.

Wata ranar darasi da la'asar cajina ya ƙare, na garzaya shagon mai cajin waya. Janareta na ruri a bayan shago, wayoyi jere a kan katako, kowace da 'yar takardar lamba manne a bayanta. A gefe guda na ga guda uku an jingina su da bango, fuskarsu a kunne. Muryar mai koyarwa tana fitowa daga dukkansu lokaci guda, tana tambaya ko muna tare da ita. A kowace waya akwai sunan malami, kuma na san su ukun. Yaron shagon ya ce an ba shi ɗan na goro, an ce in sabis ya yanke ya sake danna shuɗin rubutun nan. Shi ke nan aikinsa, kuma yana yi tsakani da Allah. A rajistar kwas, malaman nan uku sun halarci darasi daga farko har ƙarshe.

Washegari na kira ɗaya daga cikinsu ofis, yaro matashi mai ƙoƙari a aji.

"Malam, jiya ka halarci darasi?"

"Na halarta, ranka ya daɗe. Sunana ya fito."

"To, me aka koyar?"

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Ranka ya daɗe, ruwa ya sauka shekaranjiya, in ban yi noma ba gero ya tafi. Su suna so su ga suna, mu muna son satifiket. Kowa ya samu abin da yake nema."

Na daɗe ina juya maganar nan. Uzurinsa na gona gaskiya ne, ban ƙaryata shi ba. Amma ba kowa ne ya samu abin da yake nema ba. Yaran ajinsa, waɗanda saboda su aka shirya kwas ɗin, ba su samu komai ba, kuma babu wanda ya tambaye su. Na faɗa masa haka, ya kuma karɓa da ladabi.

Ɓangaren rubutu ma bai tsira ba. Makon farko mutane sun ɗan taɓa. Daga mako na biyu sai martani ya koma kalma uku ko huɗu: na gode, na yarda da kai, Allah ya ƙara basira. Mutum ya manna wannan a ƙarƙashin rubutun abokai biyu, manhaja ta ba shi maki cikakke. Wasu kuma su kwafo sakin layi daga takardar darasi su liƙa a matsayin ra'ayinsu. A yanzu da manhajojin da ke rubuta wa mutum amsa suka shigo hannun kowa, abin ya ƙara sauƙi: sai ka ga Turanci mai santsi daga malamin da ka san bai buɗe darasin ba.

Sai labarin wata malama da ke riƙe da aji biyu a makarantarmu. Wayarta ƙarama ce mai madannai. Babbar wayar gidan ta maigidanta ce, shi kuma ɗan kasuwa ne, sai bayan isha yake dawowa. Darasin kai tsaye bai taɓa samunta ba. Abin da take yi, da dare ta saurari abin da aka naɗa, da safe ta gwada a aji. An koyar da a fara da sautin harafi kafin sunansa, a rubuta haruffa a kan marafen kwalba yara su riƙa haɗa gaɓoɓi. Ta sa yara suka tsinto marafe, amma ajin ya fi ƙarfin abin da aka samu, rabo ya koma faɗa. Sai ta fitar da su ƙarƙashin darbejiya, ta zaunar da su biyu biyu, kowane yaro ya share ƙasa a gabansa da tafin hannu. Ta furta sauti, ɗaya ya rubuta da yatsa, ɗayan ya duba. Na tsaya daga nesa ina kallo. Tana bi layi layi, zaninta na sharar ƙura, tana duƙawa tana gyara wa yaro inda cikin harafi ya juya baya. A nan ta gano yawancinsu suna rikita b da d, waɗanda suka rarrabe su kuma sai ƙugiyar ɓ da ɗ ta sake ɓatar da su. Ta kuma lura yaran rugagen Fulani sun fi saurin kama ɓ da ɗ in ta kawo misali da kalmar Fulatanci.

Na ce mata, "Malama, wannan ai shi ya kamata ki rubuta musu."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, in na ce zan rubuta da Turanci a wayar nan sai asuba ta yi ban gama ba, kuma kunyar kuskure nake ji a gaban mutanen da ban sani ba. Amma in magana ce, zan iya."

A daren ta tura saƙon murya da Hausa a zauren WhatsApp na 'yan kwas, ana jin kukan jaririnta a ciki. Ta faɗi abin da ta gwada, inda ya ƙi, da dabarar da ta yi. Kafin gari ya waye zauren da ya yi makonni ba a jin komai sai godiya ya cika da murya. Wani malami daga wajen Birnin Kudu ya ce shi da garwashi yake sa yara su rubuta a bangon bayan aji. Wata ta tambaya yadda ake yi in ƙasa ta jiƙe. Wani ya yi gardama, ya ce fitar da yara waje yana cinye rabin lokacin darasi, aka yi ta kai da komo a kai. Duk tsawon kwas ɗin ban ga ranar da aka yi karatu kamar wannan ba. Amma manhaja rubutu take ƙirgawa, kuma a cikinta kaɗai. Mai koyarwar ta yaba ƙwarai, ta ce za ta kai maganar gaba, sai dai ƙa'ida ba a hannunta take ba. Da aka fitar da sunaye, masu wayoyin shagon caji sun samu satifiket. Malamar aji biyu ba ta samu ba.

Wani zai ji wannan ya ce to a soke sharaɗin halarta gaba ɗaya, a bar kowa ya yi karatu yadda ya ga dama. Ban yarda ba, kuma ina da dalili. A 2019 wasu masu bincike biyu na jami'ar MIT ta Amurka, Justin Reich da José Ruipérez-Valiente, suka buga sakamakon nazarinsu a mujallar Science kan kwasa-kwasan da MIT da Harvard ke bayarwa a dandalin edX, inda kowa ke iya shiga ya fita babu mai tambayarsa. A zangon 2017 zuwa 2018, kusan kashi 3 cikin 100 ne kawai na waɗanda suka shiga suka kammala. Da yawansu mutane ne masu digiri, a ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa. Matsalar ke nan ba ta tsaya ga caji da sabis ba. Ɗan Adam in ya san babu mai jiran jin ta bakinsa, sai ya ce gobe, goben kuma ba ta zuwa. Wanda ya tsara cewa dole ka yi magana kuma ka saurari abokinka ya san abin da yake yi. Sana'ar koyarwa ma musamman, rabinta daga bakin abokin aiki ake ɗaukarta. Mai koyarwa da ke zaune a birni ba ta san yadda ake yi da ajin da yara suka fi benci yawa ba, amma malamin ƙauyen da ke gaba da naka ya sani.

Mu da muka tashi muna ganin karatun zaure bai kamata wannan ya zame mana baƙo ba. Ɗalibi ya zo da littafinsa, ya jira layi, ya ja baƙi da bakinsa, malam ya fassara, yana amsawa da na'am. Na gefe suna saurare suna tsintar abin da bai zo a nasu littafin ba. Babu mai aiko da littafinsa a ajiye gaban malam ya ce ya ɗauki karatu, kuma malam ba ya ba da izini sai ga wanda ya ji karatunsa da kunnensa. Amma malamin zaure ya san ɗalibansa manoma ne da 'yan kasuwa, shi ya sa yake zama bayan asuba ko bayan magariba. Yana tsananta wa ɗalibi a kan karatu, yana sassauta masa a kan lokaci. Kwas ɗinmu ya tsananta a kan lokaci, ya bar karatun babu mai dubawa.

Kuma an taɓa gwada abin da ya fi wannan a jiharmu ta Jigawa. Shirin horar da malamai na TDP, wanda gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyinsa daga 2013, da Jigawa da Katsina da Zamfara ya fara. An bai wa malamai waya mai ɗauke da bidiyon darussa a cikinta, ba sai da data ba, mutum ya kalla lokacin da ya samu sarari. Sannan malaman makarantun da ke kusa da juna su haɗu lokaci lokaci su tattauna abin da suka gwada, jami'i kuma ya biyo su aji ya gani da idonsa. Waya tana kawo darasi, mutane suna tabbatar da an yi aiki da shi. Jigawa ba baƙuwar kwamfuta ba ce. Tun zamanin Gwamna Saminu Turaki aka kafa cibiyar koyon ilimin kwamfuta a Kazaure. Bai kamata a ce sai yanzu za mu fara koyon yadda ake haɗa na'ura da halin da mutanenmu ke ciki ba.

Abin da nake nema daga masu shirya kwas ba mai yawa ba ne. Su faɗi sharuɗɗansu kafin a rubuta suna, da harshen da malami zai gane, har da awa nawa abin zai ci a mako da kimanin datar da zai sha. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a watan Janairun 2025, awa guda ta bidiyo kai tsaye ba ƙaramin abu ba ce a aljihun malamin firamare, balle a ce sai ya kunna kyamara. Su tambayi mutanen wuri kafin su sa lokaci: wanda ya sa darasi ranar kasuwar Sara, ko da la'asar a tsakiyar damina, ko dab da shan ruwa a watan azumi, shi ya kori ɗalibansa da hannunsa. A naɗi darasi a bar shi mako guda. A karɓi saƙon murya, a karɓi Hausa. Malamin da zai koyar da yaro karatun Hausa, me ya sa sai da Turanci za a auna ko ya fahimta?

Mafi muhimmanci, a canza abin da ake ƙirgawa. Maimakon martani biyu, a ce kowane mako ka kawo abu ɗaya da ka gwada a ajinka, ka faɗi yadda ta kaya, ka turo hoton allo ko na littafin yaro in da hali. Sannan ka yi wa abokinka tambaya ɗaya ta gaske kan nasa. Wannan kam yaron shago ba zai iya yi maka shi ba, manhaja ma ba za ta iya ba, don ba ta san sunan yaron da ke rubuta d a juye a layin baya ba. Na san hakan zai ƙara wa mai koyarwa aiki, dole ya saurara ya amsa. To ai shi ma ana bin sa halarta. Kwas ɗin da mutum ɗaya ke riƙe da ɗaruruwan malamai, ba ya amsa tambayar kowa, bai cika nasa alkawarin ba, bai kuma kamata ya hukunta wani kan rashin cika nasa ba.

Mu malamai kuma kada mu fake da talauci mu ci amana. Majalisar rajistar malamai ta TRCN, wadda aka kafa a 1993, ta ɗauki ƙarin ilimi a bakin aiki a matsayin wajibi ga duk mai lasisin koyarwa. Ba mu kaɗai ba ne: ma'aikatan jinya, irin waɗanda ke Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, sai sun yi kwas na ƙarin ilimi ake sabunta musu lasisi. Wane ne a cikinmu zai so a ce mai yi wa ɗansa allura wayarsa ce ta halarci horo, shi yana gona? Iyayen Zandam da suka miƙo mana 'ya'yansu suna da irin wannan haƙƙin a kanmu. Satifiket ɗin da aka samu ta shagon caji yana iya kawo ƙarin girma, amma shaidar zur ce, kuma yaron da ya kai aji shida bai iya karanta sunansa ba shi ke biyan kuɗinta. Akwai kuma haƙƙin abokan karatu. Wanda ya ɓata darensa ya bayyana matsalar ajinsa, ka ba shi amsa da "na yarda da kai" ba tare da ka karanta ba, ka wulaƙanta shi, ko da ba ka yi niyya ba.

Malamar aji biyu tana nan tana koyarwa, kuma malaman makarantu biyu da ke kusa da mu sun ɗauki dabarar rubutu a ƙasa daga wurinta. Matashin malamin nan da ya bar wayarsa a shagon caji ma daga baya ya riƙa zuwa ajinta yana kallo in ba shi da darasi.

Ina kira ga sakatarorin ilimi na Gwaram da Birnin Kudu: duk ƙungiyar da ta zo neman sunayen malamai, ku nemi ganin sharuɗɗanta tukuna, ku gaya mata lokacin da ya dace da mutanenku, ku kuma nemi ta karɓi shaidar hedimasta ko jami'in da ke duba makarantu kan abin da malami ya aikata a aji. Hedimastoci, ku ware awa ɗaya a mako da 'yan kwas za su zauna a ofis su saurari darasi a waya guda, su tattauna. Data ta ragu, kunya ta ragu. Kai kuma ɗan'uwana malami, in an kawo takarda ka duba ka ga ba za ka samu sarari ba a wannan zangon, ka faɗi gaskiya, ka bar gurbin ga wanda zai zauna ya yi karatun.